Ɗana ɗan shekara 11 yana son in kai shi farautar barewa a Oktoba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Milwoki, a jihar Wiskonsin ta Amurka, da iyalina. Ɗana shekararsa 11, abokansa na makaranta suna zuwa farautar barewa da iyayensu, shi ma ya matsa mini lamba in kai shi farautar yara ta watan Oktoba. Ni kuwa tun da nake ko zabo ban taɓa harba ba. Ta ina zan fara, kuma naman ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ka iya kai shi, dokar Wiskonsin ta yarda, naman kuma halal ne idan an kiyaye sharuɗɗan da zan kawo. Sai dai a cikinku biyu kai ne ka fi bukatar shiri. Na daɗe ina farauta a jihar nan, na kai 'ya'yana biyu dawa, na raka na maƙwabta, kuma kusan duk fitar da na ga ta lalace, uba ne ya lalata ta. Har da ni.

Mu fara da doka. Tun 2017 jihar ta cire mafi ƙarancin shekarun farauta, amma yaron da bai kai 12 ba dole ya yi farauta ƙarƙashin jagora, wato babban da ya kai shekara 18, kuma su kasance kusa da juna yadda in jagoran ya miƙa hannu zai taɓa yaron. Jagora ɗaya, yaro ɗaya. Shi jagoran sai yana da nasa lasisin, kuma in an haife shi daga 1 ga Janairun 1973 zuwa sama, sai ya gama kwas ɗin koyon farauta na hukumar albarkatun ƙasa ta jiha, wadda kowa ke kira DNR. Ka ga ke nan kai za ka fara komawa aji. Shawarata ku yi kwas ɗin tare, domin yaro in ya ga ubansa yana rubuta ƙa'idojin riƙe bindiga a takarda, ya san abin ba wasa ba ne. Wani abu kuma da 'yan'uwanmu baƙi kan manta: dokar tarayya ta hana mai bizar zaman wucin gadi, kamar ɗalibi, riƙe bindiga, sai in ya shiga cikin waɗanda aka keɓe, kuma mai lasisin farauta mai aiki yana cikinsu. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin ba su da wannan matsalar. In takardunka na wucin gadi ne, ka zauna da lauya kafin ka taɓa ko harsashi.

Idan lokaci ya ƙure ba ka gama kwas ɗin ba, kada ka yi gaggawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ko dai ka samu gogaggen mafarauci amintacce ya zama jagoran yaron kai kana zaune a bayansu, ko ku shiga shirin koyar da sababbin mafarauta da DNR ke gudanarwa tare da ƙungiyoyin maharba, ko kuma bana ku fita ba bindiga, da tabaran hangen nesa kawai. Wannan na ƙarshen ba asara ba ne. Yaron da ya yi yammaci biyu yana kallon barewa tana kiwo ya fi wanda aka miƙa wa bindiga ranar farko sanin abin da zai harba.

In kana jin wani ɗar a ranka cewa ana ƙarar da dabbobin Allah ne, kamar yadda barewa da gada suka yi wuyar gani a dazukanmu na gida, to a nan lamarin ya sha bamban. Wajen shekarar 1900 barewa mai farin wutsiya ta kusa ƙarewa a Amurka, saura kamar rabin miliyan. Aka hana cinikin naman dawa, aka tsara lokutan farauta, a 1937 kuma aka yi dokar da ta karkatar da harajin bindigogi da harsasai zuwa aikin kula da namun daji. Yau ana ƙiyasta su wajen miliyan 30, suna cin amfanin gona, suna faɗa wa motoci a hanya. Manoma da yawa murna suke a rage musu su.

Farautar yara kwana biyu ce, Asabar da Lahadi, a makon farko ko na biyu na Oktoba, ta 'yan shekara 15 zuwa ƙasa. An ware ta daga babbar farautar kwana tara da ke farawa Asabar ɗin da ke gaban bikin godiya na Nuwamba, lokacin da dubun dubatar maharba ke cika dawa, sanyi kuma yana yankan yatsu. A farkon Oktoba sanyin bai taka kara ya karya ba, kuma barewa ba ta gama tsorata ba. Mafi muhimmanci, ba ta shiga lokacin barbara ba, wanda ke zuwa farkon Nuwamba ya sa maza gudu ko'ina ba tsari. Yanzu rayuwarta tsakanin makwanci da wurin kiwo take: da rana ta kwanta cikin duhuwa, da yamma ta fito gonar ciyawar alfalfa ko masara, ko gindin itacen ok inda ƙwallayensa ke zuba. Ta fi son na farin ok saboda ba su da ɗaci sosai. Waken suya tana cinsa yana kore, da ganyen ya yi rawaya sai ta juya masa baya na ɗan lokaci. Don haka gonar da ka ga barewa goma a Satumba kana iya iske ta wayam a Oktoba. Mako guda kafin ranar ku je ku duba sawu da sabon kashi, ku tsaya daga nesa da yamma ku ga ta inda suke fitowa. Ka bar yaron ya fara ganin sawun, ko da kai ka riga shi.

Ni yamma nake zaɓa wa yaro. Da asuba barewa tana cikin gona, in kuka ratsa a duhu kun kore ta tun kafin ku zauna. A lokacin rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 da rabi a kudancin jihar, an kuma yarda a yi harbi har minti 20 bayan faɗuwarta. Ku sallaci La'asar a gindin mota, ku shiga, zaman bai kai awa uku ba, Magariba kuma ku yi ta in kun fito. Iska ce abin lura na farko. Hancin barewa ya fi idonta nesa ba kusa ba, don haka ku zauna inda iska ke kaɗowa daga wajenta zuwa fuskarku. Ranar a ajiye turare da man shafawa mai ƙamshi, na san wannan yana yi wa Bahaushe wuya. Rigar ruwan goro mai haske, ko ruwan hoda mai haske, dole ce, ta rufe aƙalla rabin jiki daga ƙugu zuwa sama, hular ma haka in an saka, kai da shi duka. Yara kan ce ai barewa za ta gan su. Idonta bai rarrabe ja da ruwan goro sosai, shuɗi ne take gani tar, don haka wandon jins ya fi rigar tona asiri.

Kada ka hau da shi bishiya. Faɗowa daga mazaunin kan bishiya yana kan gaba wajen jikkata mafarautan barewa. 'Yar bukkar tanti ta ƙasa ita ce daidai: tana ɓoye motsinsa, kuna zaune kafaɗa da kafaɗa. In filin hukuma ne, doka ta ce a maƙala wa bukkar ƙyallen ruwan goro da za a gani ta kowace fuska. In gonar wani ce, a nemi izini ƙarara, gara ma a rubuce, kuma ka san iyakarta. Ko barewar da kuka harba ce ta tsallaka gonar maƙwabci, ba ka da ikon bin ta sai ka tambaya. Mutanen karkarar nan ba sa wasa da iyaka. A Nuwamban 2004, a arewacin jihar, gardama kan shiga filin wani ta ƙare da mutuwar mutum shida. Mu da fatarmu da harshenmu ke nuna baƙi ne, gara mu ƙwanƙwasa ƙofa da rana tsaka, da yaro a gefe, mu gabatar da kanmu. Yawanci amsar da na samu mai daɗi ce.

Batun bindiga, kuskuren da aka fi yi shi ne a ara wa yaro ta babba. Ta yi masa tsawo, ta shure shi a kafaɗa sau ɗaya, shi ke nan ya koyi runtse ido kafin ya ja kunama, kuma cire wannan ɗabi'ar aiki ne. A nemo mai gajeren gindi wadda aka yi don yara. Harsashin .243 Winchester ya daɗe yana wannan aikin, 350 Legend da ya fito a 2019 shi ma shurinsa da sauƙi. Atisaye a fara shi da ƙaramar .22, wadda ba ta shuri, harsashinta kuma da araha. Daga baya ya harba babbar, kaɗan kaɗan, a zaune kan kujerar da zai zauna a dawa, bindigar a kan sanda mai ƙafa uku. Ma'aunina shi ne farantin takarda, domin huhu da zuciyar barewa kusan faɗinsa ke nan. Nisan da yaro ke sa harsashi biyar a jere cikin farantin, shi ne iyakarsa. Ga mafi yawan yara yadi 50 ne, kuma ya isa. Kunne a toshe shi a filin atisaye da cikin dawa, ku biyun. Ƙarar bindiga ta haura abin da kunne ke ɗauka, a cikin tanti kuma ta fi tsanani, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ƙa'idoji huɗu da za a koya muku a kwas ya haddace su kamar karatun allo: kowace bindiga a ɗauke ta tana da harsashi, bakinta kullum inda ba kowa, a tabbatar da abin da za a harba da abin da ke bayansa, yatsa kuma ba ya shiga wurin kunama sai lokacin harbi. Ta ukun ta fi nauyi a Oktoba, domin ganye bai zube ba, masu kwari da baka kuma suna cikin dawa. Kai za ka ɗauki bindigar a hanya, ba harsashi a ciki, sai kun zauna.

Yanzu ga abin da na ce na lalata da hannuna. Babban ɗana na kai shi a Nuwamba. Na tashe shi ƙarfe huɗu na dare, na zaunar da shi awa shida cikin sanyi, in ya motsa in harare shi, in ya yi tari in ce ya kore mana nama. A raina ni nake farautar, shi rakiya ya yi. Da muka koma mota bai ce uffan ba, kuma shekara biyu ko maganar dawa ba ya so. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ni na kusa mayar da nawa mai rarrafe. Ƙanwarsa da lokacinta ya zo na sauya. Na bar tawa bindigar a gida. Na cika jaka da dabino, cincin da shayi a fulas, na zuba su a tsumma don leda tana ƙara. Na ce mata duk lokacin da ta ce mu tafi, mun tafi, ba zan ce a ƙara minti goma ba. Muka yi ta raɗa muna ƙirga kurege. Wajen ƙarfe 6 mace ta fito da 'ya'yanta biyu, yadi 40, ta ba da gefe. Yarinyar ta sa ido a madubin saiti ta daɗe, sannan ta ɗago ta ce, "Baba, ba zan iya ba." Na ce to, mu kalle su. A ilimin dabba 'ya'yan sun isa yaye a Oktoba, za su rayu ba uwa, na kuma gaya mata haka daga baya a mota don ta sani, ba don in sauya mata ra'ayi ba. Washegari ita ta tashe ni maganar komawa.

Ka gaya wa ɗanka tun a gida cewa yana da ikon ƙin harbi, kuma ba za ka kira shi matsoraci ba. Kada kuma ka ɗora masa jiran mai manyan ƙahoni. Duk wadda lasisinsa ya halatta masa, in ransa ya kwanta, ta isa. Idan barewa ta fito za ka ga jikinsa yana rawa, numfashinsa yana sama sama. Manya ma yana kama su. Ka dafa bayansa, ka ce ya ja numfashi, ku jira ta juya gefe sosai ta tsaya. Saiti a bayan kafaɗar gaba, kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji. Ba a harbin kai, ba a harbin wuya, ba a harbin wadda ke tafiya ko ta fuskanto ku. In tana tafiya a hankali, ɗan kukan akuya da baki yana tsayar da ita.

Sai halaccin. Dabbar dawa da ba a iya kamawa, harbinta shi ne yankanta. Sharaɗi mai harbin ya zama mai wayo da ya san abin da yake yi, ɗan shekara 11 kuwa ya kai, ya yi niyya, ya ambaci sunan Allah lokacin harbi. Shi zai ce Bismillahi da bakinsa, ba kai za ka ce masa ba, don haka ya saba da faɗarta tun a filin atisaye kafin kowane harbi, ranar da zuciya ke bugawa sai ta fito da kanta. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim an bambanta abin da makami ya huda da abin da ya buge da gefensa, na farko a ci, na biyu a bari. Harsashi hudawa yake, shi ya sa malaman Malikiyya na baya suka halatta abin da aka harba da bindiga. Idan kun iske ta ta mutu da harbin, ta halatta. Idan kun iske ta da sauran rai sosai, sai an yanka, saboda haka wuƙa mai kaifi tana ƙugunka, kuma kai za ka yi, ta bayan dabbar, don kofatonta na tsaga fata. Risala ta kuma ce farauta don wasa kawai makaruhi ce. Ku fita da niyyar nama.

Akwai inda al'adar maharban nan da fiƙihunmu ke ɗan gogayya, kuma gara ka sani. Su suna cewa a jira rabin awa bayan harbi, in harbin ciki ne a jira awa takwas ko fiye, domin dabbar da aka matsa wa tana tashi ta yi nisa ta ɓace. Mu kuma malamanmu sun ƙi a yi sakaci wajen bin abin da aka harba, kuma sun yi saɓani kan wanda ya kwana ba a gan shi ba. Hanyar fita ita ce kyakkyawan harbi daga kusa. Barewar da aka huda wa huhu biyu cikin 'yan daƙiƙu take faɗuwa, galibi ba ta wuce yadi ɗari ba. Ka sa ido ka riƙe bishiyar da ta ɓace a bayanta, ka cire harsashi, ku je wurin da ta tsaya. Jini mai haske da kumfa na huhu ne, ku bi. Ja mai duhu na hanta ne. Mai kore da wari na tumbi ne, a nan kam bin gaggawa ɓatar da ita zai yi, sai haƙuri, hukuncin naman kuma ka kai wa malaminku. Ka bar yaron a gaba wajen bin jini, idon yara ya fi namu. In ya yi kuka da ya gan ta kwance, ƙyale shi ya yi.

Zafi shi ne babban abokin gabar naman farkon kaka. Wani yammacin Oktoban yakan haura digiri 20 a ma'aunin Selsiyas, nama kuwa ana so ya sauka ƙasa da digiri 4 da wuri. A cire kayan ciki nan take da safar hannu, a buɗe ƙirji iska ta shiga, a cusa buhunan ƙanƙara. Kula biyu cike da ƙanƙara su kasance a mota tun kafin ku fita, ka kuma san mahaucin da ke buɗe daren Asabar. Ni na fi son in feɗe da kaina, domin wasu mahautan suna haɗa niƙaƙƙen naman mutane wuri ɗaya, kuma sukan ƙara kitsen alade a tsiran da suke yi, tunda naman barewa ba shi da mai. In za ka kai, ka faɗa musu ƙarara. Rajistar abin da aka harba ana yin ta ta intanet ko waya, kafin ƙarfe 5 na yammacin washegari.

Abu biyu game da lafiyar naman. Akwai cutar ramewar barewa, CWD, wadda aka fara ganewa a Kolorado a 1967, ta bayyana a Wiskonsin a 2002, ta kuma fi yawa a kudu maso yammacin jihar. Ba a tabbatar ta kama mutum ba, amma hukumomin lafiya sun ce kada a ci naman da gwaji ya nuna yana da ita, kuma dafuwa ba ta kashe ta. DNR na da wuraren ajiye kai don gwaji. A sa naman a firiza, a jira sakamako. Saboda cutar ne aka hana zuba wa barewa abinci don jawo ta a yawancin yankunan jihar, kada wani ya ba ka shawarar buhun masara. Na biyu dalma ce. Harsashin dalma yana tarwatsewa ƙanana ƙanana cikin nama, har a 2008 Minesota da Dakota ta Arewa suka janye naman barewa daga wuraren rabon abinci saboda haka. Gidan da ke da yara, harsashin jan ƙarfe ya dace da shi, ko da ya ɗan fi tsada.

Kaska kuma kada ka raina ta. Jihar nan tana cikin inda cutar Laim, wadda kaska ke yaɗawa, ta fi yawa, manyan kaska kuma a Oktoba suke tashe. A fesa wa tufafi fametirin, maganin da ake jiƙa gidan sauro da shi, kwana guda kafin fita, a tufafi kawai ba a fata ba. A cusa ƙafar wando cikin safa. Da kun dawo a duba bayan kunne, hammata, ƙugu da cikin gashi. Wadda aka cire cikin yini guda da wuya ta sa cutar. In zazzaɓi ko jan zobe ya fito a fata cikin makonnin da suka biyo, a ga likita a ce masa an shiga dawa.

Naman da ya tsallake gwaji, tsokar baya a gasa ta sama sama kada ta bushe, cinya ta yi kilishi da dambu da ba ka taɓa cin irinsu ba, wuya da haƙarƙari su tafi farfesu. Sayar da shi laifi ne, kyauta kuwa ba laifi. Ka ware kaso mai kyau na manomin da ya ba ku izini, ku koma ƙofar da kuka ƙwanƙwasa, yaron ne zai miƙa masa da hannu biyu.